Alhaji Alhassan Ɗantata (1877–1955): Daga Asusun Yumɓu Zuwa Asusun Banki

Gabatarwa

Kalmar asusu tana da ma'ana biyu a Hausar yau. Ta farko ita ce 'yar tukunyar nan ta yumɓu mai tsaga a ka, wadda ake jefa kuɗi a ciki, ba kuma a iya fito da su sai an fasa ta. Ta biyu ita ce ajiyar da mutum yake buɗewa a banki da sunansa. Tsakanin waɗannan ma'anoni akwai dogon tarihi na yadda Bahaushe ya riƙa adana abin da ya samu, kuma da wuya a sami mutumin da rayuwarsa ta ratsa wannan tarihi daga farko har ƙarshe kamar Alhaji Alhassan Ɗantata. Ya buɗe ido a zamanin wuri, ya yi ƙarfi a zamanin azurfa, ya bar duniya a zamanin takardar kuɗi da littafin banki. Galibin masu ba da labarinsa sukan tsaya ne a kan yawan dukiyarsa da dalar gyaɗa. A nan kuwa za a fi mayar da hankali ga yadda ya riƙe dukiyar, domin samu daban, riƙo daban.

Asalinsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Alhassan a garin Bebeji ta ƙasar Kano a shekarar 1877. Danginsa Agalawa ne, wato ɗaya daga cikin rukunonin fatake uku da suka yi fice a cinikin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. Sauran biyun su ne Tokarawa da Kambarin Barebari. Kakansa, Baba Talatin, daga ƙasar Katsina ya taso da iyalinsa ya zauna a Madobi, garin da ake isa yau in an bi titin da ya ratsa Sharaɗa da Challawa ya wuce Panshekara. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, shi ne kuma ya koma Bebeji da zama. Mahaifiyarsa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai abin hannunta.

Alhassan bai kai shekara goma ba mahaifinsa ya rasu. Daga baya mahaifiyarsa ta tafi Ankara, babban birnin ƙasar da ake kira Gana a yau, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan mai suna Tata. Daga sunan wannan tsohuwa ne aka sami laƙabin Ɗantata. Abin lura ne ga ɗalibin al'ada cewa gidan da ya fi kowane gidan attajirai suna a Kano ba da sunan madugu ko basarake ake kiransa ba, da sunan mai reno ake kiransa.

An sa shi makarantar allo a nan Bebeji. Gadon da ya samu bai taka kara ya karya ba, saboda haka ya yi rayuwa irin ta sauran almajirai, yana karatu yana kuma 'yan aikace-aikace da ƙananan saye da sayarwa don ya sami na tufafi. Masu tarihinsa sun nuna cewa Tata ce ta ɗora shi a kan tattali, ta saba masa da jefa wani abu a asusu daga duk ɗan abin da ya samu. Hikimar asusun yumɓu ba a cikin tsaro take ba, domin ɓarawo yana iya sungumar sa gaba ɗaya. Hikimarsa ita ce yana shiga tsakanin mutum da kansa. Zubawa abu ne mai sauƙi, ɗiba kuwa sai an yi ɓarna, don haka sai buƙata ta kai buƙata kafin a fasa.

Yana da kimanin shekara 15 ya bi ayarin Gwanja don ya ga mahaifiyarsa. Bai tafi hannu sake ba. Ya sayi 'yan kayayyaki a Bebeji, ya sayar da wasu a hanya, ya ƙarasa sauran a Ankara. Bayan ya ɗan zauna sai ya komo gida.

Basasa

A shekarar 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur. 'Ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi ba su yarda ba, suka fice zuwa Takai ƙarƙashin jagorancin Yusufu. Wannan shi ne yaƙin Basasa, wanda bai lafa ba sai a 1895, bayan Aliyu Babba ya shiga birni an kuma kashe Tukur. Agalawa da dama suna ɓangaren Tukur, saboda haka da aka ci su aka ƙwace dukiyoyinsu, aka kama mutanensu. Alhassan da 'yan uwansa Bala da Sidi suna cikin waɗanda aka kama, kuma sai da aka biya fansa suka kuɓuta daga bauta.

Wannan waƙi'a tana da muhimmanci wajen fahimtar halinsa na daga baya. Saurayin da ya ga gona da gida da dabbobi sun salwanta a cikin 'yan kwanaki, ya kuma ga cewa abin da ke hannu ne kaɗai yake fansar wuya, ba sai an yi masa dogon bayani a kan amfanin ajiya ba.

Matsalar Ajiya a Zamanin Wuri

Kafin mai karatu ya gane girman abin da Ɗantata ya yi, ya kamata ya san irin wahalar da ke cikin ajiye dukiya a wancan zamani. Kuɗin da ake ciniki da su wuri ne. Wuri ba ya ruɓewa, amma yana da nauyi, ga cin wuri a ɗaka, ga ɓata lokaci wajen ƙirga. Keso guda yana ɗaukar wuri 20,000. A lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ne ake canzawa da liyari ɗaya na azurfa. Da 'yan kasuwar Turai suka riƙa jibgo wuri a jiragen ruwa ta gaɓar teku, sai darajarsa ta yi ta raguwa har zuwa ƙarshen ƙarnin. Wato mai ajiyar wuri yana kwance a ɗakinsa dukiyarsa tana zagwanyewa ba tare da ɓarawo ya shigo ba.

Saboda haka attajirai sukan mayar da dukiyarsu zuwa tufafi masu tsada, da dawaki, da shanu, da azurfa, da bayi ma a wancan lokaci. Mata kuwa suna da tasu hanyar, ta tara tasoshi da ƙorai da kayan ɗaki, da kuma adashi. Kowace hanya da irin cutarta. Dabba tana mutuwa, tufa tana cin wuta. Goro, wanda shi ne jarin Agalawa, ya fi kowanne wuyar sha'ani, domin sai an yi ta kwance huhu ana tsince wanda sankara ta kama, ana sauya ganye, ana yayyafa ruwa, tsawon watannin da ayari yake yi a hanya. Falken goro ba ya ajiye dukiyarsa a goro, juya ta yake yi, kuma dole ya ware wani abu a gefe saboda shekarar da kaya za su lalace ko 'yan fashi su tare hanya.

Da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, al'amura suka fara sauyawa. Aka hana shigo da wuri, aka kuma matsa a riƙa biyan haraji da kuɗin ƙarfe. Ɗantata yana cikin waɗanda suka fara gane cewa tsohuwar hanyar ƙasa ta Gwanja ta kusa zama tarihi. Tun wajen 1906 ya fara ɗora kayansa a jirgin ruwa tsakanin Ankara da Sekondi da Ikko, yana sayen goro a Kumasi, yana kuma kawo duwatsun wuya da sauran kayan ado na mata. Tafiyar da a da take cin watanni ta koma ta makonni, jari ya riƙa juyawa sau da yawa a shekara maimakon sau ɗaya.

Jirgin Ƙasa da Gyaɗa

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suka sa rai za a noma musu don masaƙun Ingila, amma manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi kuma in ciniki ya ƙi ana iya cin ta. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar waje a 1912 ba ta wuce tan 2,500 da 'yan kai ba. A 1913 ta haura tan 19,000. A shekarar da ta biyo baya kuma aka yi matsananciyar yunwar nan da ake kira Kakalaba, bayan ƙarancin ruwan damina, wadda ta nuna wa kowa bambancin gidan da ke da rumbu da wanda ba shi da shi.

Kamfanonin Turawa ba su san ƙauyuka ba, ba su san manoma ba. Waɗanda suka sani su ne tsofaffin fataken goro, masu yara da barori da abokan hulɗa a kowace kasuwa. Ɗantata ya komo birnin Kano da zama, ya kafa gida a Sarari ta wajen Koki, kuma a 1918 Kamfanin Neja ya neme shi ya riƙa saya masa gyaɗa. Zuwa 1922 ya zarce manyan attajiran birni na lokacin, irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo.

Yadda cinikin yake shi ne, tun kafin kaka attajiri yakan raba wa yaransa kuɗi da kaya, kamar gishiri da atamfa, su shiga ƙauyuka su ƙulla da manoma. Da an fara roro sai su auna, su ɗoro a jakuna da raƙuma zuwa sikeli. A nan ne ajiya take rabe attajirai. Wanda ba shi da kuɗinsa na kansa sai ya jira kamfani ya ba shi bashi, bisa sharaɗin kamfani da farashin kamfani. Wanda kuwa yake da nasa a ɗaka yana iya fita kasuwa tun kafin kowa ya farka, yana iya haƙuri da yaron da ya karye a bana don ya tashi baɗi, yana kuma iya riƙe kaya in farashi bai yi masa ba. An shaidi Ɗantata da sauƙin rayuwa da ƙin almubazzaranci, da cin abinci tare da yaransa na kasuwa, da bin diddigin lissafi da kansa. Waɗannan halaye ba rowa ba ne kamar yadda wasu suke ɗauka. Mutumin da jarinsa yake warwatse a hannun mutane masu yawa a garuruwa masu nisa, in bai san abin da ya fita da abin da ya shigo ba, ba zai shekara uku a kasuwa ba.

Raƙuma Ashirin

Labarin da ya fi shahara a tarihinsa shi ne na shekarar 1929, lokacin da ya kai kuɗin azurfa kayan raƙuma 20 ya ajiye a reshen Kano na Bank of British West Africa. An kafa wannan banki a Ikko a 1894, kuma shi ne ya yi ta sauya suna har ya zama First Bank a 1979. Ana lissafa Ɗantata a matsayin ɗan kasuwar Kano na farko da ya yi irin wannan ajiya.

Ɗalibi yana iya gwada ƙiyasin yawan kuɗin da kansa. Nauyin sule ɗaya na azurfa ya ɗan haura giram biyar da rabi, sule 20 kuma shi ne fam ɗaya, wato fam ɗaya yana da nauyin giram 113. In aka ƙaddara cewa raƙumi yana ɗaukar kilo 150, to kayan raƙumi ɗaya ya kai fam 1,300, na raƙuma 20 kuma ya haura fam 26,000. Wannan kuwa a zamanin da ake cefane da anini da kwabo ne, sisi da taro suna da daraja, mai fataka a aljihu yana jin kansa.

Akwai wani abu a cikin labarin da ba a cika lura da shi ba. Hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1912, ta fara fitar da sulallanta na azurfa a 1913. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya farashin azurfa ya tashi ƙwarai, har ya zama azurfar da ke jikin sule tana neman fin sulen daraja. Saboda haka daga 1920 hukumar ta koma buga sulalla da gaurayen ƙarfe mai ruwan tagulla. Mutane suka riƙa kashe sabon sule suna ɓoye tsohon. Takardar kuɗi kuwa manoma ba su so ta ba sam, domin gara tana cin ta, wuta tana cin ta, wani lokaci ma sai an rage mata daraja kafin a karɓa. Ke nan azurfar da aka sauke a ƙofar banki a 1929 ba cinikin kakar bana ba ce. Alama ce ta abin da aka yi shekaru ana warewa gefe, ana zaɓen kuɗin da ya fi riƙe daraja ana adanawa.

Me ya sa sauran attajirai suka yi nauyin ƙafa? Dalilan ba na wauta ba ne. Na farko, banki na Nasara ne, kuma Nasara shi ne mai karɓar haraji; wa zai kai wa mai haraji lissafin dukiyarsa? Na biyu, Bahaushe yana son sirri a sha'anin samu. Na uku, kuma mafi nauyi, shi ne maganar kuɗin ruwa, wanda shari'a ta haramta. Sai dai ajiyar gida ita ma tana da nata haɗari. Akwai gobara, akwai ɓarayi, akwai kuma tukunyar da aka binne a ƙarƙashin gado mai ita ya mutu bai faɗa wa kowa ba. Ban da haka, dukiyar da ta kai nisabi ta shekara a ajiye ana fitar mata da zakka, ɗaya cikin arba'in, don haka mai hankali ba ya barin dukkan abin da ya mallaka a kwance. Abin da ɗan kasuwa irin Ɗantata yake nema a banki tsaro ne da sauƙin biya, ta yadda zai ba da takarda a Kano a biya wani a Ikko ko Ankara ba tare da an yi dakon buhunan sulalla a jirgi ba.

A watan Oktoba na wannan shekara ta 1929 kasuwar hannun jari ta birnin New York a Amurka ta rushe, tattalin arzikin duniya ya shiga mawuyacin hali. Cikin 'yan shekaru farashin gyaɗa a Kano ya faɗi ƙasa da rabin yadda yake a da. A shekarar ce kuma Kamfanin Neja ya haɗe da wani babban kamfani aka sami UAC, wanda ya zama shi ne mai faɗa a ji a kan farashi. Dillalai da yawa da suke juya kuɗin bashi sun karye a wannan tsakani. Ɗantata ya fita daga cikinta da ƙarfinsa, ya zama babban mai kawo wa UAC gyaɗa.

Ya dace a ƙara da cewa ba kowane banki ne wurin ajiya ba. A 1929 ɗin nan wasu 'yan Afirka suka buɗe Industrial and Commercial Bank a Ikko, da kyakkyawar niyyar taimakon 'yan kasuwar gida, amma bai wuce 1930 ba ya durƙushe da kuɗin jama'a. An sake ganin irin haka da yawa a farkon shekarun 1950, abin da ya sa aka yi dokar banki ta 1952. Su kuma bankunan Turawa, duk da ƙarfinsu, an daɗe ana kuka da su cewa suna karɓar ajiyar baƙar fata da hannu biyu, amma in ya zo neman rance sai su noƙe. Mai ajiya a wancan zamani yana tsakanin bankin da ba ya ba shi bashi da bankin da ba shi da tabbas, babu kuma wata hukuma da za ta biya shi in banki ya rushe. Babban Bankin Nijeriya bai fara aiki ba sai a 1959, hukumar inshorar ajiya ta NDIC kuwa sai a ƙarshen shekarun 1980.

Ƙarshen Rayuwarsa

Duk da yawan gyaɗar da yake saye, ya daɗe yana matsayin mai sayar wa kamfanonin Turawa. Sai a kakar 1953 zuwa 1954 ya sami lasin sayar wa hukumar cinikin gyaɗa kai tsaye. A waɗannan shekaru ne kuma ya shiga cikin attajiran da suka haɗa jari suka kafa Kano Citizens Trading Company don a fara masana'anta da kuɗin 'yan gida, aka kuma sanya shi a majalisar Sarkin Kano yana wakiltar 'yan kasuwa. Ya yi aikin hajji ta jirgin ruwa tun a shekarun 1920, ya kuma ɗauki nauyin hajjin mutane da dama.

Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari. Kafin rasuwarsa ya tara 'ya'yansa da manyan yaransa ya yi musu wasiyya da su zauna tare, kada su bari kamfanin Alhassan Dantata and Sons ya wargaje. Ya san abin da yakan sami dukiyar attajiri a ƙasar Hausa. Da an yi sadakar arba'in sai a raba gado, jarin da yake da ƙarfi saboda yana dunƙule ya koma gutsattsari, kowane magaji ya kama gabansa. Shi kansa ya ga haka a gidan mahaifinsa yana yaro. Ɗansa Ahmadu ne ya fara riƙe kamfanin, bayan rasuwarsa a 1960 kuma Aminu ya karɓa. Sanusi ya yi nasa sunan a fatauci da sufuri, kuma ta wajen 'yarsa Mariya ne aka sami Aliko Ɗangote.

Dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano a shekarun 1970, sakamakon fari da cutar gyaɗa da kuma komawar hankalin gwamnati ga man fetur. Amma kafin nan wani kaso na jarin da aka tara a goro da gyaɗa da fata ya riga ya shiga masana'antu, da farko a Bompai, daga baya a Sharaɗa da Challawa. Dubban mutane daga Panshekara da ƙauyukan kewaye suka zama ma'aikatan masaƙu da majemu da kamfanonin robobi, suna karɓar albashi a ƙarshen wata, abin da kakanninsu ba su sani ba. Daga tsakiyar shekarun 1980, da faɗuwar darajar naira da matsalar wutar lantarki da shigowar kayan waje masu araha, da yawa daga cikin waɗannan masana'antu suka rufe. Ma'aikacin da aka sallama ya tsinci kansa a matsayin dillalin gyaɗa na 1930, abin da ya ware a gefe ne kaɗai yake tsakaninsa da bashi, in kuwa naira ce ya ajiye a kwance, ta yi masa irin abin da wuri ya yi wa mutanen da.

Maganar kuɗin ruwa, wadda ta hana attajiran Kano da yawa bin sawun raƙuman 1929, ta ɗauki fiye da shekara 80 kafin a yi mata tsari na musamman. A 2012 ne bankin Jaiz ya fara aiki da rassa a Abuja da Kaduna da Kano, a matsayin banki na farko a Nijeriya da aka gina gaba ɗaya bisa tsarin da babu ruwa. Cikin manyan masu hannun jarinsa har da Alhaji Aminu Ɗantata, wanda ya rasu a 2025.